Yaya da Mutumin Shagari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu da hantsin wata Laraba a gidansa da ke Bodinga, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon damina. Ni tela ne, allura na iya riƙewa. Na ɗauki alƙalami ne saboda jikokinsa, waɗanda suka san shi tsoho mai tari a kan tabarma, ba su taɓa ganinsa da wando a naɗe cikin laka ba.

Matarsa ba ta ɗaga murya ba. Zama ta yi a bakin ƙofar ɗakinsa tana ta shafa hularsa a kan cinya. 'Yarsa ta fari ta iso daga Sifawa, tun daga bakin titi ake jin kukanta, sai da tsofaffi suka tsawatar mata. Abokan aikinsa na da sun zo daga Sakkwato a bas guda, kowa da sanda, suna ta ba da labarinsa suna dariya suna share hawaye. Manoman albasa na unguwarmu sun bar aiki sun cika ƙofar gida. Ina tsaye ina karɓar gaisuwa sai wani babur ya tsaya, aka sauko da wani dogon tsoho baƙi, ƙafafunsa duk faso. Masunci ne daga wajen Shagari. Yaya yana kiransa ɗan'uwa. Ni kuwa tun da na san shi ban taɓa kiransa komai ba sai mutumin Shagari.

Babban ɗan Yaya ya ja ni gefe ya durƙusa.

"Baba, akwai wasiyya."

"Ta mi?"

"Cewa yay yi ɗan'uwanai na Shagari shi za ya wanke shi. Kai ka zuba ruwa."

Na ce to. Me zan ce? Ni na yanka likkafani da almakashina, ni na riƙe buta. Amma hannun da ya taɓa jikin wana na ƙarshe ba nawa ba ne. Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a rumfa, na ga mutane suna wuce ni suna zuwa wajensa. Wani dattijo cikin mutanen Sakkwato ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai kay yi babban rashi, sai haƙuri." Sa'an nan ya waigo ya ce mini, "Malam, ya haƙuri?" kamar maƙwabci ne ni da ya zo taya zama.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a gabana suka haɗu, kuma ni na buɗe masa hanya.

Lokacin farar hula ne, an shiga Jamhuriya ta Biyu, ko'ina tutocin jam'iyya, gwamnati kuma tana da abin hannu. Mahaifinmu manomin gero ne. Ya sa Yaya boko, ni ya kai ni koyon ɗinki. Yaya ya samu aiki a sashen kula da kifi na ma'aikatar gona, aka ba shi babur, aka ce ya riƙa duba ruwayen wajen Shagari. Aikin nasa ya daɗe yana ba mutane mamaki. Idan damina ta ja baya gulbi ya koma hanyarsa, yakan bar ruwa a lunguna da 'yan tafkuna cikin fadama. Ruwan nan ba ya gudu, yana da ɗumi, ga ciyawa ta ɓuya. A nan 'ya'yan kifi ke yin ƙwari kafin su faɗa babban ruwa. Yaya zai je ya kamo kaɗan, ya ga wane iri ne, ya auna tsawonsu, ya mayar da su, ya kai bayani ofis.

Wata rana ya shigo shagona a kasuwa da yadin gidan sauro a hammata.

"Tela, taru nika so. Mai ƙananan idanu, wanda ko ɗan kihi kamar ƙwayar dawa ba ya hita."

Na zauna na yi masa aiki na gani na faɗa. Na sa igiya sama da ƙasa, na yanka tsofaffin silifas na jera a sama don ya yi iyo, na ɗaura darma a ƙasa don ya nutse, na yi wa kowane baki aljihun da za a zura sanda. Irin wannan taru mutum ɗaya ba ya jansa, sai biyu, kowa da bakinsa. Ba a ba Yaya mataimaki ba tukuna, don haka ya ce in rufe shago in bi shi. Ranar na hau bayan babur ɗin nan ina jin babu kamata a Bodinga.

Mun shiga wani lungu da ruwa ya kawo mana cinya. Muna cikin ja, na ji wani abu ya manne mini a sha-raɓa. Na ɗaga ƙafa, sai ga matsattsaku baƙi ƙirin, ya sha ya kumbura. Na saki sanda na yi tudu ina salati. Taru ya kwanta, duk abin da muka tara ya watse. Akwai wani mutum a gindin bishiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi, yana kallonmu tun zuwanmu. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da na samu abin riƙewa. Ajiye komar ya yi, ya shiga ruwa, ya ɗauki sandata.

"Malam, bi ta hagu," ya ce wa Yaya, "akwai rami gabanka."

Suka ja har gaɓa, suka juye cikin daro mai ruwa. Sai suka sunkuya, kai da kai, kamar waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya. Wannan ya ce ɗan karfasa ne, wancan ya ce ga ɗan kurungu, dubi ƙayarsa. Suka yi gardama kan wani siriri mai walƙiya, Yaya ya ce tsage ne, mutumin ya ce kawara ce, Yaya ya buɗe bakin kifin da tsinke ya nuna masa haƙora, mutumin ya ce, "Kai kac ci." A na gaba shi ya ci Yaya. Ina zaune a tudu jini yana bin ƙafata, babu wanda ya waigo. Sai da za mu tafi Yaya ya ce, "Af, Tela, ya ƙahwar?" Bai sake cewa in rufe shago ba.

Ba zan rage wa Yaya komai ba don ina jin haushi. Yaya mutum ne mai tausayin abin da ba ya iya kuka. Ba ya taɓa ɗan kifi sai ya tsoma hannu a ruwa, kuma duk wanda ya matso kusa da daronsa zai ji, "Jiƙa hannunka, hannun mutum wuta na gare su." Yana da wani ɗan katako da ya kafa wa rula, a kai yake kwantar da su ya auna, da sauri, bakinsa yana motsi. Idan ya gama ba ya watsa su. Zai shiga ruwa ya karkata daron a hankali ya ce, "Ku tahi, sai kun girma." 'Yan kaɗan yake sawa a kwalba da magani don ofis, kuma ko su sai ya ɓata fuska. Mutanen kasuwa suka sa masa Malam Kama-Saki. Suna cewa gwamnati ta rasa abin yi da kuɗi, tana biyan ƙato ya kama kifi ya sake. Yakan yi murmushi ya ce, "Wanda kunka ci bana, bara nis sake shi." A gida kuwa, idan aka sa ƙananan kifi a miya, ture kwanon yake yi ya ci tuwonsa da man shanu. Matarsa ta gane tun tana amarya.

Kafin wannan aiki, ni ne abokin hirarsa. Kullum bayan la'asar yana kan bencin shagona, muna cin gyaɗa muna gulmar 'yan siyasa. Bayan ya haɗu da mutumin nan, bencin ya zama na wasu. In ma ya zo, zancen ɗaya ne. Ɗan'uwa ya nuna mini inda kifin bargi ke yin sheƙa cikin ciyawa. Ɗan'uwa ya ce bana tarwaɗa ta yi ƙwai da wuri. Na taɓa ce masa, "Yaya, wai ɗan'uwa nawa gare ka?" Ya ɗauka wasa nake yi, ya yi dariya har da buga cinya.

Ana gab da wata babbar Sallah ya kawo mini shadda ruwan toka, mai kyau, wadda ta isa riga biyu. Ya ce iri ɗaya yake so, aiki ɗaya a wuya. Raina ya yi fari. Tun muna yara mahaifinmu ke yi mana anko, na ce Yaya ya tuna. Na auna shi, na juya zan ajiye tef, don awona ina da shi a ka. Sai ya ce, "Ta biyun ka ƙara mata tsawo, ka san ɗan'uwa dogo na. Hannun ma ka sake shi." Na ɗinka. Ban ha'inci aikin ba, ban taɓa ha'intar ɗinki ba. Ranar Sallah suka shigo gaida Inna, mahaifiyarmu, su biyu cikin toka, ni ina biye cikin tsohuwar farar rigata. Inna ta dube su ta ce, "Masha Allahu, ɗiyana na tudu da ɗiyana na ruwa." Na tsaya ina jira in ji ni na ina ne. Ba ta ce ba. Ta dai miƙo mini ƙwarya ta ce in zubo wa baƙo fura.

Sa'an nan duniya ta juya. Aka fara maganar tsuke bakin aljihu, albashi ya riƙa makara, man babur ya gagara. Shinkafa da sabulu sai an yi layi. Sojoji suka karɓi mulki, ruwan sama kuma ya ɗauke. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Gulbi bai cika ba balle ya yi ambaliya, 'yan tafkunan da suka samu ruwa suka fara ƙafewa tun kaka ba ta yi nisa ba. Yaya ya jingine babur ya koma keke. Ofis ba ta aike shi ba, ba ta ma san yana zuwa ba. Shi da mutumin nasa suka riƙa bin tafkunan da suka kusa zama laka, suna kwashe 'ya'yan kifi a tuluna, suna ɗorawa a jaki, suna kaiwa inda gulbi ke da sauran zurfi. Rabi kan mutu a hanya. Yakan dawo fuska duk ta zabge, ya ce wa matarsa, "Yau mun tsirar da kaɗan."

A wannan shekarar muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ɗinkin sutura ya tsaya cak, wa ke ta riga ana neman abin kaiwa baki? Sai mutanen ƙauyuka suka fara kawo mini gidajen sauronsu, suna cewa in mayar musu taru irin na Malam. Da shi suke share tafki, su kwashe 'ya'yan kifin, su shanya, su daka a miya. Na ɗinka musu. Ina da mata da yara, su ma suna da su. Yaya ya shigo shago ya tarar da ɗaya a kan keken ɗinki, allura a ciki. Ya ɗaga shi ya duba, ya ga har silifas ɗin na jera yadda na yi masa.

"Tela, mi na na wanga?"

"Abin da kag gani."

"Da hannunka? Kai da kas san abin da nika yi? Wanga abu in yab bi tabki ko jikan kihi ba ya bari. Baɗi mi za a kama?"

"Baɗi ta waɗanda sunka kai baɗi ta, Yaya. Kuma kahin ka yi man hwaɗa, tahi Shagari ka tambayi ɗan'uwanka. Shi yaf fara kawo man nashi."

Gaskiya na faɗa, shi ya fara kawowa. Na zaci Yaya zai girgiza. Sai ya ajiye tarun, ya ce, "Na sani. Shi ya hwaɗa man da bakinai. Shi ba ya da komi sai ruwa, ruwan kuma ya ƙahe, ga ɗiya cike da gida. Kuma tabkin da ba mu iya cetowa kaɗai yaka shara. Kai kana da keken ɗinki."

"Keken ɗinki za mu dahwa mu ci?"

Ya juya ya fita. Har yau ina nan a kan bakana, bai yi mini adalci ba. Yunwa ɗaya ce ta kama mu. Ya nemo wa bare uzuri tun kafin a tambaye shi, ni kuma ya auna ni da mudun da babu wanda zai cika. Muka daina magana sai gaisuwa a masallaci. Inna ta kira mu ta yi faɗa, kowa ya sunkuyar da kai, muka fito kowa ya kama gabansa.

Ana cikin haka ƙyanda ta kama 'yata ta biyu. Ta tashi daga ciwon kamar tsinke, ba ta iya riƙe kai, gidan kuma babu abin da za a ba ta sai kunun dusa. Wata ranar kasuwa na dawo na ji ƙamshin da na manta da shi. Matata ta ce Yaya ne ya zo a keke, ya miƙo tarwaɗa babba ta katanga, ya ce a yi wa yarinya romo, kuma kada a ce shi ne. Haka ya riƙa yi duk mako. Wani lokaci tarwaɗa, wani lokaci gaiwa da aka tono daga busasshiyar laka. Ba ya shigowa, ba ya tambayata. Yarinyar ta murmure, yanzu ita ce ke da jikoki. Ranar da ta fara takawa da kanta na ɗauke ta na kai ta gidansa, na durƙusa na ce, "Yaya, ga ɗiyarka, Allah shi saka." Ya ɗora ta a cinya, idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina yau dai ni da wana ne, babu na uku. Sai ya ce, "Ba ni za ka gode ma ba. Ni ɗauko kawai nika yi. Ɗan'uwa na ka nemo shi, wuni yaka yi cikin rana, kuma shi yac ce a kawo ma ɗiyar Tela kahin nashi su ci."

Na yi godiya, na aika wa mutumin Shagari da hula. Amma Allah ya sani, da na so a ce a kasuwa Yaya ya saya.

Ba a jima ba aka yi rage ma'aikata, sunan Yaya ya fito. Ya dawo gona, ya yi albasa kamar kowa. Sai dai duk kaka, da ruwa ya fara janyewa, zai nemi katakonsa da daronsa ya nufi Shagari, babu albashi babu mai tambayarsa bayani. In an ce masa aikin me yake yi wa gwamnatin da ta sallame shi, sai ya ce, "Gwamnati ta sallame ni, kihi ba su sallame ni ba." Shekarar da ya sake ganin 'ya'yan giwan ruwa a wani lungu bayan an daɗe ba a gansu ba, ya zo shagona da laka har gwiwa, yana haki kamar yaro, ya ce in ba shi goro. Ya zauna a bencin nan har magariba yana ba ni labari. Ban gane rabin abin da yake faɗa ba, ban kuma katse shi ba. Na daɗe ban samu yini irin wannan ba, ko da yake na san sai da ya fara yin murnar da wani kafin ya kawo mini saura.

Bayan sadakar uku baƙi suka fara watsewa. Mutumin Shagari ya ce kafin ya tafi yana son a raka shi maƙabarta ya yi sallama. Yaran duk suna hidima, dole ni na raka shi. Muna tafe yana jan ƙafa, ina rage sauri ba don na so ba. Ya tsuguna a gefen kabarin ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa bai tashi ba. Ya bi wurin da kallo, ya tambaye ni na wane ne wancan. Na ce na mahaifinmu ne. Ya ce wancan fa? Na ce Inna.

"Kai ma nan za a kawo ka," ya ce.

"In Allah ya sa a gida nic cika."

"Ni Shagari za a kai ni." Ya ɗebi ƙasa ya murza ya zubar. "Malam Tela, ka san tun ranar da nis san shi nika jin haushinka? Muna cikin ruwa, zance ya yi daɗi, sai shi dubi rana shi ce, bari in tahi, ƙanena na can shi ɗaya. Ko kuna hwaɗa haka yaka cewa. Ni kullum aro nika yi, magariba na yi in maido. Yanzu ga shi an maido maka shi gaba ɗaya."

Ya kamata in ba shi haƙuri. Tsoho ne, hawaye na bin gemunsa, kuma ya ciyar da 'yata a shekarar da babu mai ciyar da wani. Na kama hannunsa na tashe shi, na kakkaɓe masa riga, na raka shi har bakin titi na tsayar masa da babur. Amma ban ce masa ba haka ba ne. Tun ranar Laraba ban ji abin da ya sanyaya mini rai kamar maganar nan tasa ba, kuma ban yi niyyar rage ko kaɗan daga cikinta ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya tausaya masa yadda ya tausaya wa ƙananan halittu. Allah ya ba mutumin Shagari haƙuri, ya ƙara masa lafiya. Idan tawa ta zo, Allah ya sa a Bodinga ne.